Na Musanya Takobin Kakanmu

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya bar mana muryar nan. Ni ne Lawali mai fata, daga kasuwar Zinder.

Ɗiyata Hadiza tana wasan takobi a jami'a. Bana aka yanke kuɗin wasan, aka ce ƙungiyarsu ta watse. Mun zaga kasuwa neman taimako, abin da aka samu ko hulunan kare fuska bai saya ba.

Sai na tuna takobin da kakanmu ya ɓoye cikin rumbu a Tirmini, lokacin da Nasara ke kwashe makaman Damagaram. Na sa maƙeri ya ƙera irinsa, na goge shi da toka ya tsufa, na ajiye. Na ainihin kuwa na sayar wa dillali. Da kuɗin ƙungiya ta miƙe.

Na manta da Baffa Ari, ƙanen mahaifina. Makaho ne, amma duk Juma'a shi ke shafa wa takobin mai. Da Juma'a ta zo ya ɗaga sabon, ya jinjina, ya ce, "Lawali, wannan bai taɓa shan jini ba."

Jiya ya aiko a tara dangi ranar Asabar, in zo da Hadiza. Ita ba ta san komai ba.

Jama'a, in riga shi magana, ko in jira?