Yashin Gota Ya Ci Haƙorana Biyu

Sallama gare ka, mai gabatarwa. Ni ne Abdulai daga Maamobi, wata huɗu ke nan ina koyon gini. Maigidana ya sha gaya mini siminti ba ya kama yashi mai datti. Amma da na samu aikin katanga ni kaɗai, sai na kwaso yashin gota, wato na magudanar ruwan datti, na kwaɓa. Kwana uku katangar ta rufta kan ragon maƙwabci, Baba Issa, ragon ya mutu nan take. Mutumin nan bai tambaye ni komai ba, ya ɗauki shebur ɗina ya kwaɗa mini a baki, haƙorana biyu suka fita, jini har ƙirji. Laifin yashi nawa ne, na yarda. Amma masu sauraro ku ba ni shawara da wuri, don yanzu shebur ɗin yana hannuna.