Tef Ya Koma Wuya

Yaya: Salamu alaikum. Auta, kina ji na?

Auta: Wa alaikumus salam. Yaya, ina wuni?

Yaya: Lafiya lau. Ya gida, ya yaran?

Auta: Duk lafiya. Ya shago, ya ɗinki?

Yaya: Da godiya. Ya mai gidan naki, ƙafar ta saki?

Auta: Da sauƙi, har ya fara takawa. Ina 'yata Shiru-shiru?

Yaya: Ai maganarta ce ta sa na kira.

Auta: To fa. Me kika yi mata kuma?

Yaya: Ji min yarinya. Ba ki ce me ta yi min ba, sai me na yi mata?

Auta: Yaya, nono ɗaya muka sha. Faɗi kawai.

Yaya: Kwanaki ta same ni, wai ta samu aiki a shagon telan nan na tsallaken titi. Ƙarshen wata za ta koma can. Har ta cire almakashinta daga ƙusa, ta haɗa kayanta a jaka ta ajiye bayan ƙofa.

Auta: Shagon uwarta na nan, ta tafi na wani? Alo? Yaya, kin yanke.

Yaya: Bari in matso bakin taga. Yanzu fa?

Auta: Yauwa. Me ta ce ne dalili?

Yaya: Kin san ta, sai an yi rantsuwa tana da baki. Da ƙyar ta ce, “Mama, ni a shagon nan ba ɗinki nake kallo ba, tef ɗinki nake kallo.”

Auta: Ayya, yarinyar kirki. Ta faɗa miki kenan.

Yaya: Ta faɗa min me? Ke ma kin sani?

Auta: Wa bai sani ba? In za ki yi faɗa, sai kin fara zare tef ɗin awo daga wuya kin naɗe shi a hannu. Shi kansa mai gidanki da ya ga tef ya sauka yake tuna yana da uzuri a waje.

Yaya: Shi ya sa mutumin nan uzurinsa ba ya ƙarewa.

Auta: Muna yara ma da bakin ɗankwali kike yi. Da kin fara murɗa shi, ni na kai bayan Inna.

Yaya: Kuma aka rasa mai gaya min.

Auta: Wa zai gaya miki? Ai yana buɗe baki tef zai sauka.

Yaya: Allah Ya shirye ki. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni unguwa duk ta san inda nawa yake yoyo, sai ni da nake kwana a ciki. To saurara ki ji na yau. Akwai rigar wata kwastoma, leshi mai tsada, da yamma za ta zo karɓa. Na ba Shiru-shiru ta goge. Ina kan keke sai na ji ƙauri.

Auta: Innalillahi. Ta ƙona?

Yaya: Dutsen guga ya zauna a wuyan rigar, ya bar hotonsa daram. Na miƙe. Kin san babban madubin da ake gwada kaya? Ina juyowa na haɗa ido da wata mata a ciki. Fuska a murtuke, hanci ya buɗe, tef a naɗe a hannu har yatsu sun yi fari. Wallahi ban san lokacin da na zare shi ba.

Auta: Shiru-shiru fa?

Yaya: Ta maƙale jikin bango. Ba rigar take kallo ba, ba ni take kallo ba. Hannuna take kallo, Auta. Abin ya yi min ciwo sosai.

Auta: Sai kika yi yaya?

Yaya: Sai na tsaya. Na ce da matar madubin, ke baiwar Allah, me ke damunki? Na saurari cikina. Kin san me na tarar? Ba fushi ba ne.

Auta: Ba me ba? Layin nan.

Yaya: Na ce ba fushi ba ne, tsoro ne. Tsoron mai rigar nan ta zo ta ce ban iya aikina ba. Kullum haka ne ashe. Sai in ji tsoron bakin mutumin waje, in sauke a kan na gida.

Auta: Yaya, ke ce kuwa? Ko wani ya tsinci wayarki?

Yaya: Ni ce da kaina. Na warware tef ɗin nan a hankali, na mai da shi wuya. Na ja kujera na zauna, na sha ruwa. Na ce, “Zo ki zauna, ya za mu yi da rigar nan?”

Auta: Ba ta suma ba?

Yaya: Saura kaɗan. Ta ce a yanke wuyan a sake masa fasali. Na ce bismillah. Ta yi kuwa, ya fito tsaf.

Auta: Mai riga ta ji daɗi kenan.

Yaya: Ina fa. Ta zo ta ce ba wuyan da ta zaɓa ba ne. Ta wanke ni tas, har masu wucewa suna leƙe. Ta ce wa ya yi wannan aika-aikar? Na ce shagona ne, laifina ne, ki yi haƙuri, zan saya miki wani yadin. Ta ce ita da shagon nan har abada.

Auta: Kina tsaye aka faɗa miki haka?

Yaya: Ina tsaye, tef yana wuya. Sau biyu hannuna ya tashi, na ce koma, na gane ka. Abin da na yi shekaru ina tsoro ya zo ya same ni, ga ni nan ban mutu ba. Kaina ma bai yi ciwo ba. Rabon da in ji ƙirjina sakayau haka har na manta.

Auta: Kin rasa kwastoma kina murna.

Yaya: Ta tafi da Allah. Ba ita nake gudun rasawa ba.

Auta: To 'yar tawa fa? Ta fasa tafiyar?

Yaya: Ban tambaye ta ba. In na tambaya, za ta ce ta fasa don tsoro, ni kuma na gaji da a zauna da ni don tsoro. Jakar tana nan bayan ƙofa. Amma ɗazu na ga almakashin ya koma kan ƙusarsa.

Auta: Alhamdulillahi. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Yaya, ƙarar me na ji?

Yaya: Tsaya. Gwangwanin maɓallai ne, ta ture shi da gwiwar hannu. Sun watse har ƙarƙashin keke.

Auta: Ina tef?

Yaya: Yana wuya, 'yar nema.

Auta: Ita kuma?

Yaya: Auta, yi shiru ki ji.

Auta: Ba na jin komai, layin...

Yaya: Dariya take yi. Ta yi ɓarna a gabana tana dariya. Ko kallon hannuna ba ta yi ba.

Auta: Ba ni ita mu gaisa.

Yaya: Kya gaisa da ita gobe. Bari in je in taya ta tsincewa.