Allurar da ta Soke Ni Cikin Kwandon Shara

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Sunana Rahila. Ni ke share ɗakin shan magani na ƙauyenmu, can bayan Gidan Rumji. Wata ukku na yi ina zuwa sujada ina murmushi, alhali tsoro ya cika ni.

Ran kasuwa ne, marasa lafiya sun cika wurin tun safe. Kwalin da ake jefa allurai ya cika maƙil, ba a kawo sabo ba. Da la'asar na zo kwashe shara. Halina ne in danne auduga da takardu da hannu don kwando ya ci da yawa, kada in yi sawu biyu zuwa rami. An ba ni safar hannu, amma saboda zafi na rataye ta. Ina dannawa na ji suka a tafin hannuna. Allura ce ba murfi, da jini a cikinta. Wayyo! Ta wa ce? Ban sani ba.

Zan faɗi gaskiya gaban Allah. Na tsotse wurin, na goge da zanena, na yi shiru, don kada a ce na yi sakaci a kore ni. Sai washegari na iya faɗa wa majo, wato shugaban ma'aikatanmu, Malam Sani.

Ya dafe kai ya ce, "Rahila, tun jiya? Ai ba a tsotsa! Ruwa da sabulu ne, sannan ki zo mini nan take. Akwai maganin da ke tare sida, wato ƙanjamau, amma in kwana ukku suka wuce ba ya aiki. Kuma ba mu da shi nan."

Shi da kansa ya ɗauke ni a babur zuwa Gidan Rumji. Aka ɗibi jinina, aka ba ni ƙwayoyi na kwana ashirin da takwas, aka ce sai bayan wata ukku za a tabbatar.

'Yan'uwa, maganin nan ya wahalar da ni. Amai, jiri, ko taɓarya ba na iya ɗagawa. Maigidana Ishaya yakan ce, "Allah na nan," amma ina ganin tuwonsa na dawowa rabi. An gaya mini cutar ba ta bin kwano, duk da haka na ware kofina. Ɗiyata Lami ta ce, "Inna, mi na yi miki?" 

Addu'a ma ta gagare ni. In na durƙusa, sai in tashi ban roƙi komai ba.

Wata safiya Inna Saratu, shugabar zumuntar mata, ta iske ni bakin rijiya ina kuka, guga a ƙasa. Na faɗa mata komai. Ta kama hannun nan da na ke ɓoyewa ta ce, "Ɗiyata, ba sai kin iya ba. Ni zan roƙa, ke ki ce amin." Abin da ya fito bakina kawai shi ne, "Yesu, ba ni da dabara." Tsoron bai tafi ba, amma ranar na ci abinci tare da 'ya'yana.

Da lokaci ya cika na koma Gidan Rumji, aka sake ɗibar jinina. Likita ta duba takarda ta ce, "Babu komai, madam." Nan take na zauna a ƙasa. Halleluya!

Yanzu ba na sa hannu cikin shara, kuma kwalin allurai tun bai cika ba nake rufe shi. Masu yin allura a gida, ku jefa ta cikin galan mai kauri da murfi, ku kai likita. In ta soke ku, kada ku ɓoye.

Na gode wa Ubangiji. Kai da ke jiran sakamako yau, ba ka da ƙarfin addu'a, zo ka zauna kusa da ni. Zan roƙa, ka ce amin.