Sabon Famfo a Ƙarƙashin Kujera

A tashar motocin Doma, Mimidoo na zaune a gidan gaba da kwalin 'yan tsaki a cinya, tana kallon direba yana ɗura ruwa a lagireto karo na biyu.

"Direba, wace irin ƙishirwa ce da motar nan?"

"Famfon ruwa ne, Madam. Yana ɗan ɗiga, amma wata uku ke nan bai taɓa ajiye ni a hanya ba."

"In ya ajiye mu a tsakar ranar nan, kai za ka biya. 'Yan tsakina rabin awa ya ishe su mutuwa."

"Kwantar da hankalinki. Sabo ma yana ƙarƙashin kujerarki, tun ƙaramar Sallah na saya."

"To me kake jira?"

"Tsohon bai mutu ba. Ya zan cire abu da ransa?"

Ta sunkuya, ta zaro famfon a ledarsa, ta miƙa masa ta taga.

"Ga bakanike can yana hamma. Mu jira a nan, inda akwai inuwa."

Ya jujjuya famfon, ya yi dariya, ya yafito bakaniken.

"Haka matata take ta faɗa. Ita dai ba ta gano inda na ɓoye shi ba."