Barcin da ƙanina ya nema a gorar ruwa

Salamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Lawali ne daga unguwar Sulay, Riyad.

Ni na kawo ƙanina Habu nan, ya samu aikin tuƙi. Cunkoson ɗakinmu ya hana shi barci, sai wani ya ba shi sadiki, giyar da ake ɓoyewa a gorar ruwa. Da ya sha sai ya kwanta kamar gawa, amma tsakar dare ya farka da ƙishirwa, zuciya na bugawa. Na gani, na yi shiru. Ranar da ya yi gyangyaɗi a sitiyari, yaran kafil, wato maigidansa, na cikin mota, aka soke iƙamarsa, takardar izinin zama.

Yanzu yana gida Maraɗi, har yau barci ya ƙi. Inna tana tambayata me ya sami ɗanta. Jama'a, me zan ce mata?