Hoton Zuciyar Rifkatu

Salama a gare ku cikin sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwana na Zumuntar Mata. Ku yi haƙuri da muryata, ba ta fita sosai.

Wata bakwai ba ku gan ni a coci ba. Ba ciwo ya hana ni ba, kunya ce.

Da 'yata Rifkatu ta haihu a ƙauyen Gayam, ni na je yi mata wankan jego. Kwana tara da haihuwa, ina watsa mata ruwan zafi da ganye, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Mama, tsaya. Kamar an ɗora mini dutse." Na ce, "Daure, 'yata, nono ne ke kawowa." Na ci gaba da wankan. Wayyo ni!

Kwana biyu muna jiran motar da za ta yarda ta ratsa daji ta kai mu asibiti, don hanyar ba tsaro. Daga asibitin Kaduna aka tura mu Abuja. Can suka zura siririn bututu ta hannunta, suka ɗauki hoton jijiyoyin zuciyarta. Turanci suka yi da mijinta, Bulus, ban fahimci komai ba. Washegari ta tafi, ta bar mini jaririya.

Ba wanda ya zarge ni. Ni na yanke wa kaina hukunci cewa ruwana ne ya kashe ta. Ko Littafi Mai Tsarki na kasa buɗewa.

Wata safiya na durƙusa na ce, "Ubangiji, in ni ce, faɗa mini. Na gaji." Da na tashi na roƙi Bulus ya mayar da ni Abuja wurin likitar da ta duba Rifkatu.

Ta zaunar da ni, ta nuna mini hoton. Jijiya tana tafiya da kauri, sai ta tsuke kamar zare. Ta ce da Hausa, "Mama, nan bangon jijiyar ya tsage daga ciki, jini ya shiga tsakani ya toshe hanya. Yakan sami mace bayan haihuwa, ko an yi wanka ko ba a yi ba."

Na ce, "Da na tsaya da ta ce in tsaya fa?"

Ta riƙe hannuna. "Da kun iso da wuri, wataƙila. Ban sani ba. Amma ba hannunki ya tsaga ta ba."

Ranar na fara yi wa 'yata kuka irin na uwa, ba na mai laifi ba.

Har yanzu da zafi. Amma na gode wa Yesu da ya sauke mini wannan kaya. 'Yan'uwa, in mai jego ta ce ƙirjinta, ku ajiye ganyen ku nemi mota. Ku dogara ga Ubangiji, yana jin mai ƙaramar murya ma. Amin.