Abin da Ɗanku Ya Faɗa a Kujerar Aski

Mai girma shugaban taro, shugabar makaranta, malamai, likitanmu, iyaye maza da suka kame kujerun gaba, iyaye mata da aka bar wa na baya, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka miƙa wa mai aski lasifika a taron masu digiri. Ilimina bai wuce almakashi ba, amma shekara ashirin ke nan ina tsaye a bayan ƙeyar 'ya'yanku, ina jin abin da ba ku ji.

Na farko, ina jinjina wa kunnuwanku. Mota ta yi 'yar ƙara da safe, kafin azahar tana wajen bakanike. Yaro ya yi wata uku ba ya magana, ba ya ci, ba ya fita, sai ku ce, "Madalla, ya fara hankali."

Na biyu, maganinku ɗaya ne ga kowace damuwa: "Me ka rasa? Mu a zamaninmu..." Mun ga zamanin naku, shi ya bar muku hawan jini.

Makon jiya ɗan shekara sha shida ya zauna a kujerata. Ina gyara masa gefen kunne ya ce, "Kawu, da ba na duniya da kowa ya huta."

Na kashe inji, na ce, "Tunanin kashe kanka kake yi?"

Ya ce, "Wani lokaci."

"Ka gaya wa Baba?"

"Na gaya masa. Ya ce ƙoshi ne ke damuna."

Na rufe shago na raka shi wurin likita. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku kuwa sai mai aski ya gano muku.

Na uku, tambaya ba ta shuka wannan tunani, da abinsa yaron ya zo. Ku ajiye waya, ku tambaya kai tsaye, sannan ku yi abin da ya fi muku wuya, wato shiru. Ku yi addu'a, ku kuma kai shi asibiti. Biyun ba sa faɗa.

Uban yaron nan yana cikin zauren nan, kuma ɗazu ya fi kowa dariya. Ba zan nuna shi ba. Kowa ya koma gida ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗansa, ya ɗauka nasa ne.

Allah Ya raya mana su, Ya ba mu haƙurin sauraronsu, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.